Yadda A Ke Saƙa Tagiya Da Kwarashi

Kowa a ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi ya san 'yar farar tagiyar nan mai huji-huji da alhazai su ke kawowa tsaraba daga Makka, wadda a ke kira tashi-ka-fiye-naci. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, mace ta na iya saƙa irinta a tsakar gidanta a Karofi, da kwarashi ɗaya da zare kaɗan.

Kwarashi wani ɗan tsinke ne na ƙarfe mai ƙugiya a baki. Sunan daga bakin mutanen Faransa ya fito, ma'anarsa kuwa 'yar ƙugiya. Sa'ad da yunwa ta faɗa wa ƙasar Ailan a 1845, mata da yawa da wannan saƙa su ka ciyad da 'ya'yansu. Sana'a ce ba ta renawa ba.

Ga yadda a ke yi. Ki yi zarge, ki sa kwarashi a ciki, ki laƙato zare ki jawo shi ta cikin zargen. Ki yi haka sau 4, sarƙa ke nan. Ki haɗa bakinta da gindinta ta zama zobe. Sa'an nan ki soka kwarashi cikin zoben, ki jawo zare. Yanzu zarge biyu ke bisa kwarashi. Ki sake laƙato zare, ki fitad da shi ta cikinsu duka biyu. Wannan shi ne ƙulli ɗaya, shi kaɗai kuwa za ki yi ta yi har ki gama.

Ki yi ƙulli 6 cikin zoben. A zagaye na biyu ki sa biyu cikin kowane ɗaya, su zama 12. Daga nan kowane zagaye ki ƙara 6, ki na rarraba su daidai: 18, 24, 30, da haka har saƙar ta yi faɗi kamar ɗan faifai. Kadan ta fara zurfi kamar ƙoƙo tun da wuri, ƙarin ya gaza. Kadan bakinta ya na lanƙwashe-lanƙwashe, ya yi yawa. Ki warware zagaye ɗaya ki sake, gama zaren kwarashi ba ya ɓaci da warwara.

To, wurin da masu koyo su ke faɗuwa shi ne sanin lokacin da za a bar ƙari. Su kan gwada da ido, tagiya ta fito ko dai ta matse kai, ko kuwa ta rufto har hanci. Ba a bukatar tef ɗin tela. Ki ɗauki zare ki kewaya kan mai tagiyar, bisa goshi, ki tsinke, ki ninka shi uku. Sa'ad da faɗin faifanki ya kusa kai tsawon ninkin nan, saura kamar kaurin yatsa ɗaya, sai ki tsaya. Dalili kuwa, kewayen kowane abu mai da'ira ya ɗara faɗinsa sau uku da ɗan kaɗan, saƙa kuma ta na miƙewa. Kan babban mutum wajen inci 22 ne, faifansa bai kamata ya kai 7 ba. Na jariri sabon haihuwa wajen 14 ne, faifansa 4.

Bayan haka ƙulli ɗaya cikin ɗaya, ba ƙari. Saƙar da kanta za ta karyo ƙasa ta zama tagiya. Ta jariri ki bar ta ta rufe kunnuwa, domin hunturun Disamba da Janairu ya fi cutad da shi bisa manya, zafin jikinsa kuwa ta kai ya kan fita da yawa.

Ulun kasuwa mai kauri ya fi sauƙin koyo, don ana ganin ƙullin sarai. Kada ki fara da baƙi. Amma don bazara, a ganina zaren auduga ya fi, ya na shan gumi. Inda har yanzu akwai tsohuwa mai kaɗi da mazari, ki roƙe ta ta murza miki shi sosai, gama abawa mai laushi ta kan tsage a bakin ƙugiya.