Ƙauyukan Kan Dutse da Gidajen Saukar Baƙi a Ƙasar Nefal

Ƙasar Nefal tana tsakanin Indiya da Sin. A kan iyakarta ta arewa dutsen Ebares yake, wanda ya fi kowane dutse tsawo a duniya, gama ya ɗara ƙafa 29,000. Tun da Hillary da Tenzing suka hau ƙololuwarsa cikin watan Mayu 1953, baƙi ke ta kwarara zuwa gindinsa.

Yawancinsu jirgin sama ke sauke su a Lukla, inda aka gyara filin jirgi cikin 1964. Daga nan sai tafiyar ƙasa, kaya kuwa 'yan dako ke ɗauka, ko wasu shanu masu gashi da ake kira yak. Zango biyu ke kai matafiyi Namce, babban garin kabilar Sherpa, wanda ke bisa ƙafa 11,300, kasuwarsa tana ci ran Asabar.

A kowane zango mutanen ƙauye sun gina gidajen sauka na kansu. Kuɗin ɗaki kaɗan ne, ribar mai gida a abinci take, saboda haka al'ada ce baƙo ya ci a inda ya kwana. Murhu guda ne a tsakiyar zaure, nan kowa ke jin ɗumi. Da haka talakawan da dā dankali da kiwo da fatauci ke riƙe da su suka sami sabuwar sana'a.

Amma abu biyu sun nemi ɓata al'amarin. Na fari, ciwon hawa: gwargwadon hawan mutum, gwargwadon ƙarancin iskar da yake shaƙa, har a gindin Ebares ba ta wuce rabin ta bakin teku ba. Mai gaggawa sai ciwon kai da amai su kama shi, wani har ya rasu. Don haka ake kwana biyu a Namce, wanda ciwon ya tsananta masa kuwa a sauko da shi nan da nan. Na biyu, saran itace: girki da ɗumin baƙi sun cinye daji. Cikin 1976 hukuma ta mai da yankin gandun Sagarmatha, aka hana saran ɗanyen itace, masu masauki suka koma ga kananzir da busasshen kashin yak.

To, Hakimai da Malamai su lura. Baƙo arziki ne ga ƙauye, amma sai shugabanni sun tsare lafiyarsa, sun kuma tsare dajin da ke ciyar da masaukinsa, tun kafin ya ƙare.