Kafin Ka Kunna BitTorrent: Yi Wannan, Bar Wancan

Kada ka yarda a ce maka duk mai amfani da BitTorrent ɓarawo ne. Bram Cohen ya ƙirƙiro shi a 2001 don babban fayil ya isa hannun jama'a da yawa ba tare da kwamfuta ɗaya ta ɗauki nauyin kowa ba. Ana yanka fayil ɗin gutsi-gutsi, wanda ya samu gutsure ya miƙa wa wani yana jiran saura. Ta haka Ubuntu da Debian ke raba manhajojinsu, ta haka Kiwix ke ba da Wikipedia da ake karantawa ba intanet, kuma a 2012 Internet Archive ta buɗe fayiloli sama da miliyan ɗaya ta wannan hanya. Duk halal ne, masu kayan ne suka ce a ɗauka.

Ka riƙe labarin Comcast, kamfanin samar da intanet a Amurka. A 2007 wakilan Associated Press a Amurka suka gwada tura Littafi Mai Tsarki ta BitTorrent, fassarar King James, wadda ba mai haƙƙin mallakarta a can, sai turawar ta riƙa yankewa. Ashe kamfanin ne ke cusa saƙon jabu tsakanin kwamfutoci biyu, kowacce ta ɗauka ɗayar ce ta katse. Bai duba ko kayan na sata ne ba, ganin BitTorrent kawai ya ishe shi. Ka biya kuɗin titi, ina ruwan mai titi ko gero ka ɗauko ko siminti?

Kada ka jingina da doka ka yi barci. Hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta tsawata wa Comcast a 2008, kotu ta ce ba huruminta ba ne a 2010. Aka kafa ƙa'idar daidaito a intanet a 2015, aka soke a 2017, aka maido a 2024, wata kotu ta sake rushe ta a farkon 2025.

Kada "kyauta" ta rufe maka ido. A 2016 Indiya ta haramta Free Basics, shirin Facebook na shiga wasu zaɓaɓɓun shafuka kyauta, a shekarar kuma aka kawo shi Najeriya ta Airtel. Datar WhatsApp zalla tana da araha, ba musu, amma wani ne ya zaɓa maka inda za ka leƙa, kuma yaron da ya buɗe sabon shafi a Kano ba ya cikin zaɓin.

Kada ka sauke fim ko waƙar da mai ita bai saki ba. A wannan tsarin kana saukewa kana rabawa, wato ka zama dillali, kuma adireshin intanet ɗinka a fili yake ga duk wanda ke cikin rabon. Masu shirya finafinan Kannywood sun sha wannan azaba tun zamanin faifai, ga masu turawa a waya cikin kasuwa. Kowane fim ɗin sata hujja ce ka miƙa wa kamfanin da ke neman dalilin shaƙe hanya.

Ka ɗauko torrent daga shafin masu kayan da kansu. Fim ɗin da sunansa ya ƙare da .exe ba fim ba ne, goge shi.

Ka bar torrent ɗin ya ci gaba da rabawa bayan ka gama, in kana kan Wi-Fi mara iyaka, don da haka na bayanka zai samu. In datar waya ce, ka rage saurin ɗorawa ko ka rufe, in ba haka ba ka wayi gari ba ko megabait. Windows 10 ma yana raba sabuntawarsa tsakanin kwamfutoci, shiga saiti ka duba.

Kada ka kunna BitTorrent a intanet ɗin ofis ko makaranta ba izini.

Ka gwada kafin ka yi ƙorafi. In YouTube na gudu, Ubuntu mai ɗimbin masu rabawa kuma na rarrafe a sa'a ɗaya, rubuta ranar da lokacin, ka kai wa kamfaninka. In suka yi biris, kira hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, a 622.