Kukan da Ba a Rubuta Ba

Ranar wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, kasuwar Wudil ta cika ta batse har motocin shanu sun toshe hanyar gada, wani dattijo ya tarar da ni a rumfar mai goro, ya kwance baƙar leda ya zube mini takardu a cinya, ya ce, "Malam, an ce ka yi aikin gwamnatin tarayya, duba mini wannan don Allah." Ƙanensa ne ya rasu yana aiki a wata ma'aikata, ya bar marayu, shi kuwa shekara biyu ke nan yana safa da marwa tsakanin Wudil da Kano neman haƙƙinsu, kullum sai a ce ya dawo mako mai zuwa. Na ce, "Baba, ina kwafin takardar da ka kai musu, mai hatimin karɓa?" Ya ce shi bai taɓa rubuta kome ba, da baki yake bayani, kuma yaron da yake tararwa mai ladabi ne, har kujera yake ba shi.

Ni da na shafe shekara 35 tsakanin rajista da sashen kuɗi kafin in yi ritaya, nan take na san cewa a wurin gwamnati dattijon nan bai taɓa zuwa ba. Dalili kuwa shi ne, ma'aikata, tun daga Minista da ke zuwa ya wuce da siyasa, da Babban Sakatare wanda amanar kuɗinta ke wuyansa, da daraktoci, har zuwa akawu da masinja, ba ta da kunnen da take ji da shi sai fayil. Takarda in ta shigo rajista, a buga mata hatimi da kwanan wata, a ba ta lamba, a sa ta a fayil, sa'an nan ta riƙa hawa daga tebur zuwa tebur, kowa ya rubuta ra'ayinsa a ƙarƙashin na wanda ya gabace shi, ya sa hannu, ya sa rana. Wannan tafiyar hawainiya da jama'a ke tsine wa, ni kaina na sha tsine mata, ita ce kuma take yi mana aikin da isnadi ke yi wa malaman hadisi, domin ran da aka zo tahƙiƙi, fayil ne zai faɗi a teburin wa magana ta kwana, da kwana nawa ta yi a can.

Bin diddigin ma'aikata kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kano. Tun ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha cewa wajibi ne mai mulki ya zauna sauraron waɗanda aka zalunta, ya kuma binciki wakilansa da dukiyar da suka tara, abin da malamai ke kira duba mazalim. Magajiyar wannan kujera a zamaninmu ita ce Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, wadda aka kafa a 1975, kuma marigayi Ɗanmasanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, shi ya fara shugabantarta. Tana da ofis a kowace jiha, ba a biyan ko kwabo, sai dai ba ta taɓa maganar da ke gaban kotu, kuma galibi tana so a kai kuka kafin shekara ta zagayo.

Ta fuskar dukiya, sashe na 85 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa Odita Janar na Tarayya binciken asusun ma'aikatu da miƙa rahoto ga Majalisar Dokoki ta Ƙasa, inda kwamitin lura da asusun gwamnati ke kiran manya su yi bayani, ga kuma hukumar ICPC tun 2000 don sha'anin rashawa. Amma abin da na fi so mutanenmu su riƙe shi ne dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa, ko da mai dakon buhu ne a bakin kogi, ikon ya rubuta ya tambayi ma'aikata, alal misali, nawa aka ba da kwangilar wani yanki na hanyar Kano zuwa Maiduguri da ta ratsa garinmu, nawa kuma aka biya, ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, alhali ita ma'aikata kwana bakwai doka ta yanka mata ta amsa, in ta ƙi a kai ta kotu.

Ba zan ɓoye muku ba, waɗannan ƙofofi suna da rauni: hukumar ƙorafi shawara take bayarwa, ba ta da sandar duka, rahoton odita kuma yakan iso bayan tuwo ya huce da shekaru. Duk da haka na ga darakta, wanda talaka zai yini a ƙofarsa bai ɗaga kai ba, yana share gumi saboda wasiƙa mai shafi ɗaya, domin ya san takardar tuhuma in ta shiga fayil ɗinsa, tana nan tana jiransa ranar ƙarin girma.

A rumfar mai goron nan muka rubuta wa dattijon takarda zuwa ga shugaban ofishin da yake zuwa a Kano, kwafi biyu, da sunan mamaci da lambar aikinsa da ranar rasuwarsa, na ce kada ya baro rajista sai an buga hatimi a nasa kwafin. Bayan wata uku aka rubuto masa cewa ya kawo shaidar magada daga kotu, abin da tun zuwansa na farko ya kamata a gaya masa.

Don haka ina roƙon samarinmu masu ilmin boko na Wudil da Garko, in dattijo ko gwauruwa ta zo muku da irin wannan leda, ku zauna ku rubuta musu, ku raka su rajista, kwafin mai hatimi kuma ku sa a adana shi tare da takardun gida da na gona.