Tabon Ƙurajen Fuska da Maganinsa

Jama'a, wannan darasi a kan ƙurajen nan ne da ke fito wa samari da 'yan mata a fuska, da tabon da suke bari. Mai gida da uwar gida su karanta. Wanda bai iya karatu ba, a karanta masa.

Idan yaro ko yarinya suka fara balaga, fatarsu takan yawaita maiƙo. Maiƙon nan yakan toshe 'yan ƙofofin da gashi ke fitowa, ƙwayoyin cuta su sami wurin zama, sai wurin ya kumbura ya yi ƙurji. Ba sammu ba ne, ba ƙazanta ba ce, kuma ba a ɗauka daga wani. Ƙurajen sukan lafa in mutum ya girma. Abin da ke daɗewa shi ne tabo. Matsa ƙurji da farce, da barin manyan ƙuraje ba magani, su ne suka fi kawo shi.

To, kafin a kashe ko kwabo, a kai yarinyar wajen haske, a duba tabon, a shafa shi da yatsa. Tabo iri uku ne, maganinsu kuwa ba ɗaya ba ne.

In wurin ya yi baƙi kawai, amma sumul yake, wannan shi ne mai sauƙi, kuma shi ya fi yawa ga baƙar fata. Da kansa yake ɓacewa, sau da yawa cikin wata 6 zuwa 12, muddin sababbin ƙuraje sun daina fitowa. Rana ce ke ƙara masa baƙi, ga shi kuwa kowa ya san ranar ƙasar Sakkwato. Mai zuwa gona ko kiwo ya sa malafa.

A kan wannan baƙin tabo ne mutane suka fi cutar da kansu. Biki ya matso, ana so fuskar amarya ta yi kyau, sai a je kasuwa a sayo man bilicin, ko wani haɗi a kwalba wanda ba shi da suna. Kwana goma fuska ta yi haske, kowa ya ce magani ya ci. Ina! Da yawa cikin irin wannan mai akwai magani mai ƙarfi da ake kira sitiroyid. Shi da kansa yana kawo ƙuraje, yana sa fata ta yi siriri, ta yi ja, ta riƙa tsagewa. Wani man kuma akwai sinadarin makuri a ciki, mai ɓata ƙoda. Saboda haka ne hukumar NAFDAC, mai kula da abinci da magunguna, ta yi shela a 2023 cewa bilicin ya zama babban haɗari ga lafiyar jama'ar Nijeriya. Kada a shafa. Kada kuma a goga lemon tsami, ko toka, ko kanwa, ko man goge baki.

In tabon ya loɓa ya yi rami, a sani babu man da zai cike shi, ko nawa aka saye shi. Aikin likita ne. Akwai na'ura mai ƙananan allurai da ake bi da ita a kan fata don ta sake tofowa. Akwai allurar da ake sa wa ƙarƙashin ramin a saki abin da ya ja shi ƙasa. Akwai kuma na'urar haske mai suna leza, amma tana da tsada, ba kuwa kowane asibiti ke da ita ba. Sai an yi ta komawa, kuma gaskiya ita ce ramin raguwa yake yi, ba ya ɓacewa ƙaf. In wanda bai koyi aikin ba ya taɓa, baƙar fata takan ƙara yin baƙi.

In kuwa tabon ya taso ya yi tudu mai tauri, yana ƙaiƙayi, a haɓa ko a ƙirji, kada a kai wa wanzami ya tsaga ko ya yanke. Irin wannan in an yanke shi, yakan dawo ya fi da girma. Likita yakan yi masa allura a cikin tudun, kamar sau ɗaya a wata, har ya kwanta.

Abin da ya fi arha shi ne a tare ƙurajen tun ba su bar tabo ba. A wanke fuska da sabulu mai laushi safe da dare, ba da soso ba. In ƙurajen manya ne masu zafi, a je asibitin da ke kusa. Za a ba da man shafawa, wani lokaci da ƙwayoyi. Maganin ba ya nuna aikinsa sai bayan mako 6 zuwa 8, don haka kada a yar da shi bayan mako guda. Lalle ne mace mai ciki, ko mai sa ran ciki, ta faɗa wa likita tun da fari, gama wasu magungunan ƙuraje suna nakasa jariri a ciki.

In malamin asibitin ƙauye ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya ba da takarda zuwa birnin Sakkwato, Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Mai tafiya ya riƙe takardar, ya haɗa da kwalbar duk abin da ya taɓa shafawa, ya nuna wa likita, kada ya ɓoye ko ɗaya.