Darasi na 18: Ɗan lido da lissafin sa'a

Mu lura

Ɗan lido yana da fuska shidda. Kowace fuska tana da ɗigo, daga 1 zuwa 6. In ka jefa shi, ba ka san lambar da za ta fito ba. Amma ba fuskar da ta fi wata: kowace lamba tana da dama 1 cikin 6.

Mu yi tunani

Yanzu ɗauki ƴan lido biyu, fari da ja. Jefa su tare, ka haɗa ɗigonsu. Ƙaramar jimla 2 ce, babbar 12. Shin duka jimlolin damarsu ɗaya ce? A'a.

Fari yana da fuska 6, ja ma yana da 6. Ke nan hanyoyin faɗuwarsu 6 × 6 = 36.

Hanya guda ce ke ba da 12: fari 6, ja 6. Amma 7 tana da hanya shidda: 1+6, 2+5, 3+4, 4+3, 5+2, 6+1. Ka lura, fari 3 da ja 4 daban yake da fari 4 da ja 3.

Ga hanyoyin kowace jimla:

2 da 12: hanya 1
3 da 11: hanya 2
4 da 10: hanya 3
5 da 9: hanya 4
6 da 8: hanya 5
7: hanya 6

Mu gwada

Ku rabu huɗu huɗu. Kowane rukuni ya yi jifa 50, yana jan sanda a allo gaban jimlar da ta fito. Sannan ku tara na aji duka. Za ku ga sandunan sun yi tudu a tsakiya, sun ragu a gefe biyu.

Mu riƙe

Jifa guda ba a san ta ba, amma jifa mai yawa tana bin lissafi. Kuma ɗan lido ba ya tuna abin da ya wuce. Ko 6 ta ƙi fitowa sau goma, damarta tana nan 1 cikin 6. Mai caca da ke cewa "yanzu kam sai ta fito", kuɗinsa yake zubarwa.

Aiki

1. Rubuta duka hanyoyin da ke ba da 5.
2. Hadiza ta zaɓi 8, Isufu ya zaɓi 11. Wa ya fi dama? Don me?
3. Jimla 1 tana iya fitowa? Don me?

Kalmomi

ɗan lido: le dé
jimla: la somme
sa'a: le hasard