Rajistar Yara Amana Ce: Kira Ga Masu Darasin Yamma

Aikina shi ne tattarawa da adana bayanai a wata ƙungiya mai zaman kanta da ke tallafa wa cibiyoyin darasin yamma a Kano, inda yaran firamare ke zuwa ƙara karatu da lissafi bayan an tashi daga makaranta. Na shigo ƙungiyar ina ɗalibin neman sanin makamar aiki a ƙarƙashin shirin SIWES, wanda hukumar horar da ma'aikata ta ITF ta kafa tun 1973, yau kuma ni ke karɓar irin waɗannan ɗalibai. Da yawansu tambayar da suke fara yi mini ita ce: "Malam, shigar da sunaye kawai zan yi ta yi?" Amsar da nake ba su ita nake so malamai, iyaye da shugabannin ƙungiyoyi su ji. Yaro ba ya barin karatu a rana ɗaya. A hankali yake janyewa, kuma rajistar da aka cike da gaskiya ce ke fara nuna alamar.

Matsalar farko a wajenmu ita ce suna. A aji ɗaya za ka tarar da Muhammad Sani fiye da ɗaya. Yarinya guda, malamin Litinin ya rubuta A'isha, na Laraba ya rubuta Aishatu, a gida kuma Humaira ake kiranta. Wanda aka sa wa sunan kakansa, kowa Abba ya san shi da shi. Kwamfuta ba ta san wannan al'ada tamu ba, sai ta mai da yarinya ɗaya mutum uku, ko ta haɗe yara biyu su zama ɗaya. Maganin bai da tsada: tun ranar da aka ɗauki yaro a ba shi lamba tasa shi kaɗai, a rubuta sunan yanka, laƙabi, sunan mahaifi da unguwa, kuma lambar ta bi shi duk inda aka rubuta wani abu a kansa. Haka ma ranar haihuwa. Yara da yawa ba su da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa, sai ka ga an jera musu 1 ga Janairu. Gara a rubuta "kimanin shekara tara" da a ƙirƙiro ranar da ba ta da tushe.

Na biyu, gurbin da aka bari ba komai. Idan aka bar layin yaro fayau, ba wanda zai san ko bai zo ba ne, ko malam ne bai kira suna ba. Alama uku sun wadatar: ya zo, bai zo ba, ba a yi darasi ba. Da takarda da biro ma ana iya yin haka. Mai waya kuma zai iya amfani da KoboToolbox, wadda ke karɓar bayani ko babu intanet, ta tura idan an samu sabis.

Idan rajista ta tsaftata, sai ta fara bayyana abin da ido ba ya gani. Za ka ga yarinyar da kullum ranar kasuwa take fashi, ka bincika ka tarar talla ake ɗora mata. Za ka ga yaran gefen gari suna raguwa da faɗuwar damina da lokacin kaka, saboda aikin gona. Za ka ga cibiyar da ta sa darasi bayan la'asar tana rasa yara, domin lokacin Islamiyya ne, kuma babu uban da zai zaɓi darasinka a kanta. Kowanne da maganinsa: wani a canza lokaci, wani a zauna da malamin Islamiyya a daidaita, wani a je gida a gaisa da mahaifiya a ji damuwarta. Ƙa'idarmu ita ce, yaron da fashinsa ya fara jeruwa, a je gidansu a cikin makon nan. Tun ran gini, ran zane.

Zuwa kaɗai kuma bai isa ba, sai an san ko yaron na koyo. Rahoton da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimta. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da hanya mai sauƙi ta auna wannan: a zauna da yaro shi kaɗai a ga inda ya tsaya, harafi yake ganewa, kalma, ɗan sakin layi ko cikakken labari, sannan a raba yara gwargwadon matakinsu maimakon shekarunsu. Idan an rubuta matakin a farkon zango da ƙarshensa, babu sauran gardama kan ko darasin yana amfani.

A nan ne jarrabawar gaskiya take. Masu ba da tallafi na son ganin adadi mai yawa, shi ya sa wani shugaba kan ce wa ƙaramin ma'aikaci: "Ka ɗan gyara lissafin nan." Duk wanda aka rubuta ya zo alhali bai zo ba, an toshe hanyar da za a bi a nemo shi. Ɗalibin da ke koyon aiki ya riƙe wannan tun yanzu: kuskuren rubutu ake gyarawa, ba a gyara abin da ya faru.

Sai batun sirri. Fayil ɗin da ke ɗauke da sunan yarinya, unguwarsu, lambar wayar mahaifiyarta da lokacin da take tashi daga darasi abu ne mai haɗari idan ya faɗa hannun mugu. Amma kullum ana tura irinsa a zaurukan WhatsApp, ana ɗora hotunan yara a Facebook da sunan marayu ko mabuƙata, ba tare da an tambayi kowa ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ta kafa hukumar kare bayanai ta NDPC, ta kuma tanadi neman yardar iyaye ko majiɓinci idan za a dogara da izini wajen amfani da bayanan yaro. Don haka a karanta wa iyaye takardar izini da Hausa kafin su sa hannu ko su dangwala. Kada a tambayi abin da ba a buƙata. A kulle fayil da kalmar sirri, a adana rajistar takarda a kabad mai makulli, rahoton da zai fita waje kuma a cire sunaye a bar lambobi.

Iyaye, haƙƙinku ne ku tambayi abin da za a yi da bayanan 'ya'yanku, kuma don Allah ku faɗi gaskiyar dalilin fashinsu idan an zo muku. Malamai, ku kira suna kullum, ku rubuta a take. Shugabannin ƙungiyoyi, ku horar da ɗaliban da kuke ɗauka kafin ku damƙa musu bayanan yara. Ku kuma matasa masu koyon aiki, ku riƙe wannan aiki da muhimmanci, domin 'ya'yan mutane aka ba ku amanarsu. Allah Ya ba mu ikon sauke ta.