Yaushe Ya Kamata A Fara Koya Wa Yaro Hawa Fo?

Gabatarwa

A gidaje da dama akan sami saɓanin ra'ayi tsakanin kaka da uwar yaro a kan wannan batu. Kaka takan ce a zamaninsu tun jariri bai yi wata shida ba ake tsugunar da shi, ita kuwa uwa ta ce an gaya mata sai ya doshi shekara biyu. Wanda yakan sha wuyar wannan jayayya shi ne yaron, domin da zarar ya ɓata wando sai tsawa ko duka su biyo baya. Manufar wannan maƙala ita ce a fayyace wa mai karatu abin da ilmin halittu ya gano game da yadda jikin yaro ke samun ikon riƙe fitsari da bayan gida, da alamomin da ke nuna cewa lokacin koyo ya yi.

Yadda Jiki Ke Riƙe Fitsari

Ƙoda biyu suna tace jini dare da rana, fitsarin da suka fitar yana gangarowa ta wasu siraran bututu zuwa mafitsara. Ita mafitsara jaka ce ta tsoka, a bakinta kuma akwai zobban tsoka biyu masu aiki kamar zariyar wando. Zobe na ciki yana aiki ne ba da sanin mutum ba, na waje kuwa shi ne mutum ke tsukewa da gangan idan fitsari ya matse shi a inda bai dace ba. Haka tsarin yake a dubura.

A jikin jariri, idan mafitsara ta cika, jijiyoyi kan kai saƙo zuwa ƙarshen laka, wajen ƙugu, daga nan umarni ya dawo, tsoka ta matse, fitsari ya fito. Ƙwaƙwalwarsa takan ji labari, shi ya sa yakan motsa ko ya farka kafin ya yi, amma ba ta da ikon cewa a dakata. Bugu da ƙari, mafitsarar sabon haihuwa ba ta ɗaukar fiye da kimanin mililita 30, wato cikin babban cokali biyu, don haka yakan yi fitsari wajen sau 20 a kwana guda. Likitoci suna da wani lissafi na kirdado: a ƙara 1 a kan shekarun yaro, a ninka da 30. Ke nan mafitsarar ɗan shekara 2 tana ɗaukar mililita 90, ta ɗan shekara 4 kuma 150, alhali ta babban mutum tana kai 400 zuwa 500.

Kafin yaro ya iya riƙewa da kansa, sai hanyoyin jijiya da suka haɗa ƙwaƙwalwa da laka sun nuna. Galibin yara kan fara gane cewa mafitsara ta cika tsakanin shekara 1 da 2, sa'an nan ikon tsuke zobe na waje ya kankama tsakanin shekara 2 da 3.

Bambancin Sabo Da Iko

To, idan haka ne, yaya aka yi kakanninmu suka yi nasara? Amsar ita ce abu biyu ne ake kira da suna ɗaya. Uwa takan lura da lokacin da jaririnta ya saba yi, ta ɗora shi a kan ƙafafunta, ta yi masa wani ɗan sauti, a hankali jikinsa ya danganta wannan zama da sakin fitsari. Wannan shi ne sabo, kuma ba mu kaɗai muka san shi ba. A shekarar 1977 aka wallafa wani nazari a kan ƙabilar Digo ta gaɓar tekun Kenya, inda ake fara tsugunar da jarirai tun suna 'yan makonni, zuwa wata 5 ko 6 kuma an cim ma buƙata. Sai dai a irin wannan tsari uwa ce mai lura da lokaci. Ranar da ta shagala, yaro ya jiƙe.

Iko kuwa shi ne yaro ya ji da kansa, ya riƙe, ya tafi wurin da ya dace. A shekarar 1962 likitan yara na Amurka, T. Berry Brazelton, ya ba da rahoton yara 1,170 da aka bari sai da suka nuna alamun shiri, daga wata 18 zuwa sama. Matsakaicin lokacin da suka daina ɓata jiki da rana shi ne wata 28 da rabi. Har ila yau, a 1996 Remo Largo da abokan aikinsa na birnin Zurik suka kwatanta yaran da aka haifa a shekarun 1950 da na 1970. Iyayen rukuni na biyu sun jinkirta koyarwa da kimanin wata 13, amma lokacin da yaran suka mallaki mafitsararsu bai sauya ba. Darasin a nan shi ne, tsugunar da jariri cikin lallashi ba laifi ba ne, yana ma rage wanki da kuɗin famfas, amma ba ya gaggauta nunar jijiya.

Alamomin Shiri

Tun da yara sun bambanta, abin dubawa shi ne yaron kansa:

1. Ƙunzugunsa yakan kai awa biyu a bushe, ko ya tashi daga barcin rana bai jiƙe ba.
2. Bayan gidansa ya sami lokaci sananne, kuma ba shi da tauri.
3. Yana tafiya sosai, yana iya tsugunawa ya miƙe, yana iya saɓule wandonsa.
4. Yana fahimtar gajeren umarni, kamar a ce ya ɗauko takalminsa.
5. Yana nuna ya san abin da ke faruwa: ya laɓe bayan ƙofa, ko ya kama gabansa, ko ya faɗa da baki.
6. Jiƙaƙƙen wando yana damunsa, kuma yana sha'awar kwaikwayon yayyensa.

A wurin yawancin yara waɗannan alamomi kan haɗu tsakanin wata 18 da wata 30. Idan sun zo daidai da yaye, ko sabuwar haihuwa, ko rashin lafiya, ko ƙaura, ya fi kyau a ɗan saurara har hankalinsa ya kwanta.

Yadda Za A Fara

Idan abinci ya shiga ciki, babban hanji yakan motsa, saboda haka lokacin da ya fi dacewa a zaunar da yaro a kan fo shi ne minti 15 zuwa 30 bayan cin abinci, da kuma bayan tashi daga barci. Kada zaman ya wuce minti 5. Idan ya yi, a yaba masa. Idan bai yi ba, a ƙyale shi. Fo ya fi masai dacewa da shi, domin ƙafafunsa suna ƙasa, kuma ramin masai yakan tsorata ƙaramin yaro, ban da haɗarin da ke tattare da shi.

A guji duka da kunyatarwa. Yaron da ya tsorata yakan riƙe bayan gida, hanji ya tsotse ruwan da ke cikinsa, ya yi tauri, fitarsa ta yi zafi, yaro ya ƙara riƙewa. Hanjin da ya cika kuma yakan danne mafitsara, ya jawo yoyon fitsari da cutar mafitsara.

Wajibi ne a zubar da abin da ke cikin fo a masai nan take, a wanke fo, uwa da yaro su wanke hannu da sabulu. Kashin yaro yana ɗauke da ƙwayoyin gudawa da ƙwan tsutsar ciki, don haka ba abin watsarwa a bola ko kwata ba ne.

Fitsarin Kwance

Riƙewar dare ita ce ta ƙarshen zuwa. Tana buƙatar jiki ya riƙa sakin isasshen sinadarin basofiresin, mai rage yawan fitsari lokacin barci, ƙwaƙwalwa kuma ta iya tayar da mai barci. Kimanin yara 15 cikin 100 masu shekara 5 suna fitsarin kwance, galibinsu kuma sukan daina da kansu. Abin yana bin gado, kuma ya fi yawa ga masu cutar amosanin jini, wato sikila. Kiran yaro amalala ba ya maganin ko ɗaya daga cikin waɗannan dalilai.

Ya kamata a ga likita idan yaro ya wuce shekara 4 yana ɓata wando da rana, ko yana kuka wajen fitsari, ko an ga jini a ciki, ko yana yawan ƙishirwa da fitsari tare da rama, ko ya koma jiƙa shimfiɗa bayan ya yi wata 6 da dainawa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za mu ga cewa kaka da uwa kowacce tana da gaskiyarta: kaka sabo take nufi, uwa kuwa iko. Ana iya fara sabo da wuri, amma kada a tuhumi yaro a kan abin da jijiyoyinsa ba su kai gare shi ba. Hausawa sun ce da rarrafe yaro kan tashi. Aikin iyaye shi ne su lura da alamomi, su tanadi fo da sabulu, su kuma yi haƙuri da kuskuren watannin farko.